Yadda ake haɗa kyamarar tsaro mai nisa da Wi-Fi HaLow ba tare da jan waya ba

Tun da na saka hoton kyamarar da muka kafa a bakin ƙofar wani gidan gona, mita ɗari shida da ɗoriya daga ɗakin maigadi, tambaya ɗaya ce ke ta shigo min: "Malam, ta yaya hoton ke isowa alhali babu waya, kuma ga itatuwa a tsakani?" Wasu masu gidan kaji ne, wasu masu garejin motoci, wani kuma makarantar kwana yake kula da ita, katangarta ta yi wa ofis nisa. Amsar ita ce Wi-Fi HaLow, wato Wi-Fi ɗin da ke aiki a ƙasa da gigahaz ɗaya, wajajen megahaz 900, maimakon 2.4 ko 5 da muka saba. A takardun na'ura za ka ga an rubuta 802.11ah, abu ɗaya ne.

Ka riƙe magana guda kafin mu fara. Wannan zangon yana ba ka nisa, yana ratsa ganye da bango fiye da Wi-Fi na gida, amma hanyarsa siririya ce. Kamar hanyar ƙauye take, tana kai ka inda kwalta ba ta kai ba, sai dai tirela biyu ba sa gittawa a kanta. Duk kurakuran da nake gani a wannan aiki daga mantawa da wannan suke tasowa.

1. Tabbatar HaLow ɗin kake buƙata

Je ka tsaya a inda za a kafa kyamarar, ka hau tsani, ka dubi inda na'urar ajiyar bidiyo za ta zauna. Idan nisan bai kai mita 100 ba, ja wayar intanet ta Cat6 ka huta, domin mita 100 ce iyakarta kuma babu rediyon da ya fi waya aminci. Idan da nisa amma kana hango rufin ɗakin tar, ba bishiya ba gini, sayi na'urorin gigahaz 5 masu kallon juna irin NanoStation na Ubiquiti ko CPE na TP-Link. Sun fi faɗin hanya nesa ba kusa ba, kuma ana samunsu a kasuwa.

HaLow na wanda ya rasa waɗannan biyun ne: akwai mangwaro da darbejiya a tsakani, ko ɗakunan kaji sun jeru sun tare hanya, ko kyamarori sun warwatsu gabas da yamma ta yadda na'ura mai kallon gefe ɗaya ba za ta haɗa su ba.

2. Binciki zangon da doka ta yarda kafin ka biya kuɗi

Nan ne ya kamata ka fi daɗewa, don nan ake asarar da ba ta da gyara. Ba zango ɗaya duniya ke amfani da shi ba. Amurka ta ware megahaz 902 zuwa 928. Turai ta ware 863 zuwa 868. Ostireliya ta fara nata daga 915 zuwa 928, saboda abin da ke ƙasa da 915 na kamfanonin wayar salula ne. Shi ya sa a shagunan intanet za ka ga na'ura iri ɗaya an rubuta wa wata 915, wata 868.

A Najeriya, Nijar, Ghana da maƙwabtansu, layukan GSM 900 na aiki ne a wannan unguwa. Wayar hannunka tana aika magana zuwa turken sabis tsakanin 890 da 915, turken kuma yana amsa mata daga 935 zuwa 960, wani wurin ma tun daga 925. Ka ga ke nan na'urar da aka saita wa Amurka, in ka kunna ta yadda ta zo, tana iya zama daram a kan hanyar wayoyin jama'a. Illa biyu ce: kai hotonka zai riƙa tsinkewa duk lokacin da mutane suka dami waya, su kuma ka lalata musu kira, a kan zangon da kamfani ya biya lasisinsa. A Najeriya hukumar NCC ce ke da hurumin wannan a ƙarƙashin dokar sadarwa ta 2003, kuma ita ke amincewa da nau'in na'urar sadarwa kafin a yi amfani da ita. A Nijar ARCEP ce, a Ghana NCA. Tambaye su, ko ka sa mai sayar maka ya nuna takardar amincewa. Tsakanin 915 da 925 babu GSM na wayoyin jama'a, kuma akwai tashoshin HaLow masu faɗin megahaz 4 da ke zama a 918 da 922, amma rashin GSM a wuri ba shi ne izini ba.

Gargaɗi ga mai cewa to bari in sayi ta 868 in huta: ƙa'idar Turai ta taƙaita ƙarfin watsawa zuwa miliwat 25, ta ƙuntata faɗin tasha, sannan ta ce na'urar da ba uwa ba (uwa ita ce babbar na'urar da saura ke haɗuwa da ita) kada ta wuce kashi 2.8 cikin ɗari na lokaci tana watsawa. Lissafa ka gani, wajen daƙiƙa ɗari ke nan a cikin awa guda. Na'urar da ke bin wannan ƙa'ida ba za ta ba ka bidiyo mai gudana dare da rana ba. Ta dace da kyamarar da ke ajiye bidiyonta a katin memori, ta aiko da hoto ko guntun bidiyo idan ta ga motsi. Idan haka ya ishe ka, madalla. Idan kallon kai tsaye kake so awa ashirin da huɗu, ka san wannan tun kafin kuɗinka su fita.

3. Lissafa nauyin bidiyon

Faɗin tashar HaLow yana zuwa a megahaz 1, 2, 4, 8, har 16 a rubuce, kodayake yawancin na kasuwa a 8 suke tsayawa. Ɗauki guntun MM6108, wato ƙwaƙwalwar rediyon, na kamfanin Morse Micro da ke Sidni, wanda ke cikin na'urori da yawa: a megahaz 8 ƙololuwarsa megabit 32.5 a daƙiƙa, a 4 megabit 15, a 2 kusan 7, a 1 kuwa 3 da 'yan kai. Wannan lissafin takarda ne, na'urori biyu suna kusa da juna. Abin da zai iso hannunka a fili ka ɗauka rabi ne, kuma yana raguwa da nisa. Can ƙarshen zango yana iya sauka har kilobit 150, wanda ko hoto ɗaya sai ya ja lokaci.

Kyamara mai megafiksel 2, in an saita ta da kyau, tana cin megabit 1 zuwa 2. Kyamara uku a megabit ɗaya-ɗaya uku ke nan, sai ka nemi hanyar da ke ba da shida a gwaji, don ka bar sarari. A tashar megahaz 4 wannan mai yiwuwa ne idan sigina na da ƙarfi. A megahaz 2, kyamara ɗaya ko biyu. Za ka ga an rubuta cewa uwa ɗaya na ɗaukar na'urori sama da dubu takwas. Gaskiya ne, 8,191, amma wannan na ƙananan na'urorin auna zafi da mitar ruwa ne masu aiko da lamba ɗaya a awa. Ba kyamara ake nufi ba.

Akwai abin da mutane ba sa lura da shi. Duk kyamarorin iska ɗaya suke rabawa, ɗaya na magana saura na jira. Wadda ta fi nisa, mai raunin sigina, a hankali take magana, sai ta cinye lokacin sauran. Kyamara ɗaya da aka maƙala a lungu mara kyau tana iya sa na kusa su riƙa daskarewa, kai kuma kana can kana zargin waɗanda ba su da laifi.

4. Kayan aiki da inda kuɗin ke tafiya

Hanya mafi sauƙi ita ce gada: na'ura ɗaya uwa a ɗakin ajiya, 'ya ɗaya a gindin kowace kyamara. Kyamarar ta zama ta IP mai bakin wayar intanet, wadda ke da ONVIF (tsarin da ke sa ta fahimci na'urar ajiyar wani kamfani) da H.265 (tsarin matse bidiyo) da ramin katin memori. Daga kyamara gajeriyar waya zuwa 'ya, daga uwa gajeriyar waya zuwa NVR, wato na'urar ajiyar bidiyo, ko rawuta. Kamfanoni irin su Alfa Network, Heltec da GL.iNet suna yin waɗannan na'urori, akwai kuma masu araha da aka gina a kan guntun Taixin na ƙasar Sin.

Sayi uwa da 'ya'yanta daga kamfani ɗaya, samfuri ɗaya. Rubutun HaLow a kwali ba ya tabbatar da cewa ta wannan kamfani za ta gane ta wancan. Kuma kada ka yi tsammanin wayar hannunka za ta ga wannan Wi-Fi ɗin; wayoyi da kwamfutocin da ke hannunmu ba su da rediyon wannan zango, ta rawutar gida za ka riƙa kallo.

Za ka buƙaci eriya ta zangon da ka zaɓa, akwatin roba mai hana ruwa, bututun ƙarfe na turke, salatif mai narkewa ya manne, sandar jan ƙarfe ta binnewa a ƙasa, da laftof. A kan kuɗi, uwa da 'ya guda yawanci ba sa wuce dala 200, masu araha ƙasa da haka sosai, sai kuɗin jigila da na kwastan. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne rediyon ba shi ne mai tsada ba. Turke da siminti da farantin sola da batir na kowace kyamara su ke cinye kasafin. Ware musu kaso mafi girma tun farko.

5. Haɗa komai a kan tebur

Kada ka hau turke da na'urar da ba ka gwada a ƙasa ba. Ɗaura eriya tukuna, sannan ka ba da wuta. Kunna rediyo babu eriya yana iya ƙona sashen watsawarsa. Duba bakin eriyar da kyau, akwai SMA akwai RP-SMA, suna ɗauruwa da juna lafiya lau amma allurar tsakiya ba ta haɗuwa, sai ka ga sigina kamar babu. Eriyar tsohuwar rawuta ta 2.4 ma za ta ɗauru, amma ba za ta yi aiki ba.

Shiga saitin uwa ta laftof. Zaɓi ƙasa da tashar da aka yarda maka, sa faɗin tasha, sa suna, kunna tsarin tsaro na WPA3 da kalmar sirri mai tsawo. A kan 'ya sa suna da kalmar sirri iri ɗaya, ka tabbatar tana yanayin gada, domin NVR ya ga kyamarar kamar da waya aka jawo ta. Ba kowace kyamara da kowace na'ura lambar IP tsayayya, ka rubuta a takarda ka manna a cikin murfin akwatin. Canza kalmar sirrin da kyamarar ta zo da ita daga kamfani. Raba na'urorin biyu da 'yan mitoci yayin gwajin, kusanci da yawa yana toshe musu kunne.

6. Rage wa kyamarar ci

Yawancin kyamarori suna zuwa a buɗe, firam 25 a daƙiƙa da megabit 4 ko fiye. Shiga saitin bidiyo ka mayar da ita H.265, firam 10 zuwa 15, ka ƙayyade mata iyaka, misali kilobit 1024. Don gane fuskar mai shigowa ƙofa firam goma sun wadatar. Ƙaramin bidiyon da ake kallo a waya kuma sa shi wajen kilobit 256 zuwa 512.

Ƙayyade iyakar nan wajibi ne saboda dare. Da rana hoto a natse yake, kyamara ba ta cin komai. Da dare fitilar infrared ta kunna, ƙwari suka taru a gabanta, ko ƙurar hunturu ta cika iska, ko ruwan sama ya sauko, sai kyamarar ta ɗauki kowane ɗigo a matsayin motsi, cinta ya ninka. Na taɓa barin wata a buɗe a wata gona. Da la'asar muka yi sallama da mai wurin hoto tangaran, ƙarfe biyun dare maigadi ya kira ni wai mutum a allo sai ya tsaya cak kamar gunki sannan ya ɓace. Gizo-gizo ne ya yi saƙa a gaban gilashin, iska na kaɗa ta, fitila na haska ta. Ga shi lokacin da aka fi buƙatar kyamarar ke nan.

Sa katin memori mai jure yawan rubutu a cikin kowace kyamara, ta riƙa ajiye cikakken bidiyo a can. In hanya ta yanke na minti goma, shaidarka ba ta ɓata ba.

7. Gwajin fili da tsayin turke

Kafin a haƙa rami, ɗaura 'yar da batir a kan doguwar gora, wani ya riƙe a inda ake so, kai kana wajen uwa kana karanta ƙarfin sigina. Lambar tana zuwa da alamar ragi. Daga -70 zuwa sama, irin su -60 da -50, ka samu abin da kake so. Wajen -80 za ta yi aiki amma ka rage buri. Ta wuce -85, ɗaga gorar ko matsa gefe, kada ka kafa a haka. Wani lokaci taku biyar zuwa hagu, ka kauce wa tankin ruwa, ya fi sayen sabuwar eriya amfani.

Tsayi yana da muhimmanci a wannan zango fiye da yadda ake zato. Sigina ba kamar zare take tafiya ba, tana kumbura a tsakiyar hanya kamar gwanda. A megahaz 900 da nisan kilomita ɗaya, kumburin ya kai wajen mita tara daga tsakiyar layi, kuma ana so aƙalla kashi sittin cikin ɗari nasa ya zama fili, wato mita biyar da rabi. A rabin kilomita, filin da ake so kusan mita huɗu ne. Ma'ana ƙasa kanta tana cin sigina idan eriya ta yi ƙasa. Shi ya sa turken mita uku ke ba da kunya ko da babu komai a tsakani. Kai shi mita shida in da hali, uwar kuma ta hau saman rufi.

Ganye da bangon laka da bulo HaLow na ratsa su da ɗan asara. Kwanon rufi, kwantena, tankin ƙarfe da rufin kankare mai rodi kuwa ba ta ratsa su, kewaye su ake yi. Kada ka sa eriya a ƙarƙashin kwano ko a cikin akwatin ƙarfe. Kuma idan da rani ka yi gwajin, tuna cewa damina na zuwa: itatuwa za su cika da jiƙaƙƙen ganye, dawa da masara za su tashi sama da mutum. Bar rarar aƙalla lamba goma saboda wannan.

Za ka ci karo da labarin cewa Morse Micro sun yi kiran bidiyo a nisan kilomita 3 a bakin teku a San Faransisko, sannan suka kai kusan kilomita 16 a hamadar Joshua Tree, duka a Amurka a 2024. An yi hakan, amma a fili fetal ne babu abin da ya tare. A gona mai itatuwa da gine-gine, yi tsarinka a kan 'yan ɗaruruwan mitoci zuwa kilomita ɗaya, abin da ya ƙaru riba ce.

Idan sigina ta ƙi, rage faɗin tasha. Duk lokacin da ka raba shi biyu, daga 8 zuwa 4 ko daga 4 zuwa 2, kunnen na'urar na ƙara kaifi da kusan lamba uku, amma hanyar ta ragu da rabi. Idan kyamara ɗaya ce can nesa, sa mata eriyar Yagi mai nuna gefe ɗaya ta kalli uwa.

8. Kafawa

Eriyoyi duka su tsaya a tsaye iri ɗaya. Ɗaya a tsaye ɗaya a kwance asara ce babba. Eriya ta zarce kan turken, kada ta jingina da ƙarfen. Wayar da ke tsakanin rediyo da eriya ta zama gajera iya yiwuwa, gara ka kai rediyon sama ka tsawaita wayar intanet. Naɗe kowane mahaɗi da salatif mai narkewa, ka lanƙwasa waya ta yi ƙasa kafin ta shiga akwati don ruwa ya ɗiga a waje. Ramukan akwatin su kalli ƙasa, ka toshe su saboda tururuwa da ƙadangaru, ka kuma yi masa 'yar rumfa, zafin watan Afrilu yana dafa abin da ke cikin rufaffen akwati.

Turken ƙarfe mai mita shida a tsakiyar gona kiran aradu ne. Binne sandar jan ƙarfe a gindinsa, ka haɗa ta da turken da waya mai kauri, ka sa abin kare tsawa a wayar da ke shiga ɗaki daga uwa. In ba haka ba hadari ɗaya zai tafi da uwa da NVR tare.

9. Wutar sola

Kyamara da 'yarta sukan ci wajen wat 8 idan an haɗa dare da rana. Sau awa 24, kusan wat-awa 200 ke nan a yini. Farantin wat 100 yana mayar da wannan har da rara a ranar da ke da haske. Batirin litiyam na bolt 12.8 mai amfiya-awa 50 yana ɗauke da wajen wat-awa 640, zai riƙe ka kusan kwana uku na hadarin Agusta. In batirin ruwa ne, rabinsa kawai za ka lissafa, don shanye shi ƙarƙaf yana kashe shi da wuri. Kyamara mai juyawa da manyan fitilu ta fi haka ci sosai, karanta takardarta ka sake lissafi.

Duba bolt ɗin da 'yar ke so. Wasu 12 suke ci, wasu 5 ta USB, kuma ba su 12 kai tsaye ƙonewa ne nan take. A lokacin hazo a riƙa goge farantin duk mako. Kyamarar da ke mutuwa da asuba ta farfaɗo da hantsi ba rediyonta ne ya lalace ba, batirinta ne bai ƙoshi ba.

10. Gwajin kwana uku kafin ka karɓi cikon kuɗi

Bar komai a kunne kwana uku, duk kyamarorin a lokaci guda. Daga laftof riƙa aika ping, wato ɗan saƙon gwaji, zuwa kowace kyamara ka ga ko ana samun ɓacewa. Kowace safiya buɗe bidiyon daren jiya ka duba layin lokaci, ko akwai giɓi. Idan giɓin na zuwa da dare ne kawai, koma mataki na shida. Idan da asuba ne, mataki na tara. Idan yana zuwa da yamma lokacin da unguwa ta ɗauki waya, ko kuma sigina na da ƙarfi amma hoto na tsinkewa, wani ne ke magana a tasharka, koma mataki na biyu ka sake duba inda ka zauna. Idan kyamara ɗaya ce ke jan sauran baya, kashe ta na awa ɗaya ka gani. In sauran suka warware, ita za ka ɗaga wa turke ko ka sauya mata eriya.

Cire wutar uwa da gangan ka mayar, ka tabbatar 'ya'yan sun dawo da kansu ba sai an hau turke ba. Sannan ka rubuta ƙarfin siginar kowace kyamara da ranar da ka auna a cikin murfin akwatin uwa, domin idan damina ta kankama aka kira ka, da wannan lambar za ka gane ko bishiya ce ta girma ko ruwa ne ya shiga mahaɗin eriya.